Yatsu Biyar a Ɗakin Sanyi

Dubai aka ce mana. Inda aka kai mu ko hasken Dubai ba a hangowa. Muna fitowa daga filin jirgi wani mai ƙaton ciki ya karɓe fasfo ɗinmu, ya zuba a leda kamar wanda ya sayi kuɓewa, ya nuna mana mota da haɓa. Muka yi ta tafiya har gine-gine suka ƙare, yashi ya karɓa.

Sunana Mamuda. Mutumin Gubuchi ne ni, ta ƙasar Makarfi. Ban yi boko ba. Noma na sani, da saran rake, da tsayuwa bakin wutar mazarƙwaila in rani ya yi. Ejan ɗin da ya shirya mini tafiya a Kano ya ce gonar tumatir za a kai ni, irin wadda ake rufewa da leda. Tumatir dai ban gan shi ba sai a miya, ita ma ba kullum ba.

Akwai abin da zan faɗa tun yanzu, in ba haka ba labarin ba zai fito ba. Mahaifiyata, Inna, kurma ce. Sanƙarau ya ɗauke mata ji tun tana ƙarama, magana ta bi shi. Da hannu take zance. Ba irin na makarantar kurame ba, nata ne, a tsakar gida ta ƙirƙiro abinta. Mu biyu ne muka rayu cikin 'ya'yanta, Yaya Lawal da ni. Yaya Lawal ɗan fari ne, kunyarsa take ji, ba ta kallonsa ido cikin ido balle ta zauna hira da shi. Kakarmu ce ta raine shi. Abin da ya iya na maganarta bai wuce ci, sha, zo, tafi ba. Ni ne na tashi a gindinta. Ni ke kai ta asibiti in gaya wa likita inda ke mata ciwo. Ni ke tsaya mata a kasuwa. In mata sun fashe da dariya a gidan suna, ni take taɓowa in gaya mata me aka ce. Bayan rasuwar Baba, ni ne kunnenta, ni ne bakinta. Sunana a wurinta shi ne ta shafa girarta ta hagu da yatsa, saboda tabon da jakinmu ya bar mini a wurin ranar da ya kayar da ni a hanyar gona. In kun ji na ce Inna ta ce, da hannu nake nufi.

Na san duk wannan na tafi. Gona ta gaji, taki ya fi ƙarfinmu, ɗakinta na yoyo. Na ce wa kaina shekara biyu ba komai ba ce.

Garken awaki aka fara kai ni. Bukkar kwano, tankin ruwa, awaki masu dogayen kunnuwa, sai wani ɗan Bangaladash mai suna Rafik da na tarar a wurin. Shi ba ya jin Hausa, ni ba na jin komai. Mai garken yakan zo da mota in ya ga dama, ya sauke shinkafa da ruwa, ya ƙirga awakinsa, ya tafi. Mu ba ya ƙirga mu. Albashi ma sai ya ga dama.

Hannu ne ya cece ni. Abin da ake yi mini dariya a kansa ina yaro, ana ce mini ɗan bebiya, shi ya ba ni aboki. Ba a daɗe ba ni da Rafik muka koma hira sosai. Na san yana da mata da 'ya'ya mata, na san ruwa ya cinye musu gona. Shi ma ya san ina da uwa. Ranar da na toshe kunnuwana na rufe bakina na nuna masa yadda take, sai ya tashi ya dafa shayi, ya zuba mini rabon sukarinsa.

Wayarsa yake ara mini in kira gida. Yaya Lawal ke ɗauka. Mu gaisa, in tambayi gona, in tambayi ruwa, ya ce Inna na gaishe ni. In ce me ta ce? Ya ce ta ce lafiya lau. Kullum lafiya lau. Na san shi ke ƙirƙira. Mutane na zaton kurma shiru gare shi. Inna ta fi kowa surutu a gidanmu. In ta je rijiya ta dawo sai ta kawo labarin unguwa kaf, wa ke da ciki, wa aka yi wa sata, wa ya sayi sabon takalmi yana tafiya kamar agwagwa. Tana kwaikwayon tafiyar kowa, mai unguwa kansa bai tsira ba. Duk wannan Yaya Lawal ya dunƙule ya ce lafiya lau. Ban ga laifinsa ba. Iyakar abin da ya ji ke nan.

Na riƙa tunanin ina labaran nan ke tafiya yanzu. Ta dawo daga rijiya, ta sauke bokiti, ta waiwaya, babu wanda za ta taɓo.

Wata rana da hantsi Rafik ya same ni bayan bukka ina ba wata akuya labari da hannu biyu. Ina gaya mata yadda ake dafa ruwan rake har ya yi kauri a zuba shi a kwanoni. Bai yi dariya ba. Ya koma da baya a hankali.

Mai garken ya sayar da awakinsa. Mu kuma ya miƙa mu ga wani, da fasfo ɗinmu, yadda ake miƙa akuya da igiyarta. Wannan ya kai mu wurin gini. Ba zan ja zancen wurin ba. Rana ce, da siminti, da wani ɗan Nepal da ya faɗo daga sama aka lulluɓe shi da buhu aka ce mu ci gaba da aiki. Daga nan aka sake miƙa mu, ni da Rafik tare, Allah ya taimake ni.

Wannan karon wani ƙaton sito ne a bayan gari, inda ake ajiye kaji da kifi daskararru. Waje wuta, ciki ƙanƙara. Aikin ba wuya a ido. Kwalaye na zuwa a kan bel, wani dogon abu mai tafiya da kansa kamar hanya, kai kana tsaye kana dubawa, ka cire wanda ya fashe, ka jera sauran. An ba mu riguna masu kauri da safar hannu kamar ta mai walda. Da irin wannan safa ba ka iya danna komai, in ka cire kuma yatsa ya manne da ƙarfe. Saboda haka babu abin dannawa. Kyamara ce a saman kan kowa. Da hannu ake ba bel umarni, daga nesa. Ka share iska zuwa dama, ya tafi. Ka dunƙule hannu, ya rage gudu.

Da na ga haka na ji daɗi. Na ce yau an zo gidana.

Sai heluma, shugaban leburori da ke koya mana, ya zo kan yadda ake tsayar da bel ɗin. Ya ɗaga hannu, ya buɗe tafi, ya watsa mini yatsu biyar a fuska. Yana murmushi.

Na dube shi. Ya sake. Da a tashar Makarfi ne da sai an raba mu. Uwata da ke Gubuchi ba ta ci masa komai ba. Rafik ya ja rigata, ya nuna mini bel ya tsaya cak. Sannan na gane ba ni ake yi wa daƙuwar ba, kuma a wurinsu ba daƙuwa ba ce. Tsaya ke nan.

Na ƙi yi. Na ce zan ɗaga tafin in haɗe yatsun, ai duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Da safa a hannu, in ka haɗe yatsu, dunƙule kyamara take gani. Wani kwali ya maƙale, na ɗaga hannu, bel ya rage gudu bai tsaya ba, kwalaye suka hau juna suka zube. Kaji suka yi ta gangarawa a ƙasa kamar duwatsu. Heluma ya zo yana ihu, ya kama hannuna, ya buɗe mini yatsu ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaga shi sama. Bel ya tsaya.

Ina tsince kajin ina zagi da Hausa, sai na ji an ce a bayana, "Ɗan'uwa, bar zagin kajin nan, sun riga sun mutu."

Na juya. Wani dogo ne baƙi, da kwamfuta a hammata. Rabona da jin Hausa baki da baki tun filin jirgin Kano. Sunansa Bashir, injiniya ne, ɗan Sudan. Kakansa ya tashi daga ƙasar Hausa a ƙafa za shi Makka, ya tsaya a hanya ya yi gona, bai ƙarasa ba, bai kuma dawo ba. Hausar Bashir irin ta tsofaffi ce, da Larabci a cikinta kamar tsakuwa a shinkafa. Da ya ji daga inda nake bai sake kirana da suna ba, sai Bazazzagi.

Shi ya yi mini bayanin abin, lokacin cin abinci. Ya ce kyamara ido ce kawai, tana gani ba ta san me ta gani ba. Bel kuwa makaho ne, ba ya jin komai sai yarensa na inji. A tsakaninsu akwai wata manhaja da ba a gani. Ita ke karɓar abin da ido ya gani, ta gane hannu ne, ta gane me hannun ke nufi, ta juya ta gaya wa bel da yarensa. In an kawo ƙofa ko fitila ko wani injin daban aka haɗa, ita dai za ta gaya wa kowa da nasa yaren. Kula da ita shi ne aikinsa. Ya ce tana da sunanta na Turanci, amma shi tafinta yake ce mata.

Na ce na san aikin. Ya ce a ina? Na ce a gida. Ban ƙara ba.

Na tambaye shi wa ya zaɓi yatsu biyar. Ya ce Turawan da suka ƙera ta, su a wurinsu kowa ya san tsaya ke nan. Ya yi dariya, ya ce shi ma ranar farko sai da ya tuna kakarsa.

"Yi masa kawai, Bazazzagi. Inji ne, ba shi da uwa."

Na yi masa. Da farko ina kawar da kai. Daga baya na daina kawarwa. Safe da yamma, ba adadi. Sanyi ya wuce a waje, zafi ya zo, mu a ciki duk ɗaya. Hannu ya saba, ya daina tambayata. Rafik na zuba mini shayi, kofi ya kusa cika, sai in ga yatsuna a fuskarsa. Za mu tsallaka titi, in yi wa mota. Kowa a sito haka yake yi, ba wanda ya ga wani abu. Ni ma na daina gani.

Wani lokacin Bashir yakan zo mini da kula daga matarsa, tuwo mai laushi da miyar busasshiyar kuɓewa. Ta yi kusa da ta gida, daddawa ce kawai babu. Kusancin nan ya fi nisa ciwo. Nakan cinye dai.

A sito ne aka fara biyan mu yadda ya kamata. Na aika aka yi wa ɗakin Inna kwano. Na sayi waya mai kyamara, na sa Yaya Lawal ma ya saya. Na ɗauka an gama. Ba a gama ba. Sabis ɗin unguwarmu na ɗaukar murya, hoto kuwa sai ya ga dama. In ya ɗauka, Yaya Lawal ya kafa mata wayar a fuska, in ga hanci da ido ɗaya. In ce Yaya ja da baya, hannunta nake son gani. Kafin ya gane, hoto ya tafi. Ni ma hannuna ɗaya na riƙe da waya, rabin bakina ke nan a ɗaure. Ita kuma ga ɗan farinta tsaye a kanta, sai ta sunkuyar da kai ta ƙi cewa komai.

Dije ce ta warware, matar Yaya Lawal. Mace mai kai. Tsakanina da ita wasa ne tun da aka kawo ta gidan, Alhajin Dubai take ce mini ko da ta san awaki na yi kiwo. Ta ce ranar kasuwar Makarfi za su zo da Inna, akwai shagon wani mai caji kusa da 'yan hatsi inda sabis ke da ƙarfi. Ita za ta riƙe wayar, Yaya Lawal ya je ya yi cefanensa.

Ranar na sa rigar da na zo da ita daga gida. Da hutun rana ni da Rafik muka zagaya bayan sito, can gida hantsi ne. Ya riƙe mini wayar da hannu biyu kamar mai ɗauke da ƙwarya cike da nono.

Hoto ya buɗe. Ga Inna a kan benci, daga kai har gwiwa. Ta rame. Bayanta mutane sun taru, masu caji da 'yan kasuwa, ana leƙen bebiya za ta yi waya.

Ta gan ni. Ta shafa girarta ta hagu.

Na durƙusa a kan kwalta na gaishe ta. Ta ce tashi, ka yi baƙi, wa ke dafa maka abinci? Kafin in amsa ta ɓalle. Labarin da ta tara tun ranar da na tafi, duk ta kwance shi lokaci ɗaya. Jar akuya ta haifi tagwaye. Kwanon ɗakinta, in ruwa na dukansa tana jin sa a ƙirji. Gwiwarta. Wani ya mutu, ban kama ko wa ba, don hoton ya fara tsalle. Hannunta ya tsaya a sama, ya ɓace, ya bayyana a wani wuri. Tana ta zubawa, ni ina rasa rabi. Wa ya mutu? So nake ta dakata, ta koma baya.

Inna na da kalmarta ta tsaya. Da hannun dama take kama wuyan hannun hagu, kamar ta riƙo mai shirin tafiya. Da ita na girma.

Ba ita ta fito ba. Hannuna ya tashi da kansa, ya buɗe, yatsu biyar a warwatse, daidai fuskarta.

A nan kuma sabis ya tsaya. Dije ta gaya mini daga baya hoton daskarewa ya yi a haka, tafina cike da gilashin waya, kowa na kallo. Wani ya ce subhanallahi. Wani ya tuntsire da dariya. A nawa gefen fuskarta ce ta daskare, baki a ɗan buɗe, hannu ɗaya a sama da labarin da ba ta ƙarasa ba. Sannan ya yanke.

Rafik na murmushi, yana tambayata da kai ko an ji daɗi. Bai ga komai ba. Tsaya kawai ya ga na ce.

Na yi ta kira. Da aka ɗauka muryar Yaya Lawal ce.

"Mamuda, shaye-shaye ka fara a can?"

"A'a, Yaya."

"To uwar wa ka zaga? Tamu dai ɗaya ce."

Na yi masa bayani, bel da kyamara da safa. Ya ce ya ji, ya ma yarda. Na ce wa ya rasu? Ya ce a dangi dai babu kowa. Amma maganar tawa wa zai gaya mata? Ya gwada. Ya nuna mata ƙarfe, ya nuna sanyi, ta ɗauka cewa yake an ɗaure ni a kurkuku. Dije ta gwada. Da ta zo wurin buɗe yatsun, Inna ta tashi ta shige ɗaki. Bayanin na bukatar tafinta. Tafintan ni ne, ni a cikin waya nake, wayar kuma ta daina kallo. In an nufo ta da ita sai ta juya wa bango fuska. Kurma in ya juya fuska ya rufe ƙofa ke nan, ba ka da ta inda za ka kira shi.

Dije ta ce a da, in mata sun tambaye ta ina ɗanta, sai ta shafa gira ta yi jirgi da hannu tana taƙama. Yanzu tsintsiya take ɗauka. Girar ma ta daina shafawa. Wannan ya fi mini komai ciwo. Mutum ɗaya ke kirana da sunan nan a duniya.

Na koma aiki, hannun ya ƙi buɗewa. Kwalaye suka sake zubewa. Heluma ya ce in aka kuma, kora. Bashir ya zo duba ko kyamarar ce ta lalace. Na ce lafiyarta lau, na gaya masa komai. Na zaci zai yi dariya. Ya zauna a kan kwalin kifi cikin sanyin nan. Sannan ya ce ita yaya take cewa tsaya? Na nuna masa.

Ya ce ba sai an taɓa bel ba, ba sai an taɓa kyamara ba. Tafintan kawai za a koya wa. Ya je wurin ogansa neman izini, ya ce masa hannun wani ma'aikaci ne ke ciwo. Ban ce ƙarya ya yi ba. Ya tsayar da ni gaban kyamara na yi ta kama wuyan hannuna, ta gaba, ta gefe, da sauri, a hankali, har na gaji. Ya yi 'yan danne-dannensa, ya haɗa abin da katin aikina. Ya ce gwada.

Bel na gudu. Na kama wuyan hannuna. Ya tsaya.

Ban san abin zai yi mini haka ba. Na juya baya kamar ina gyara kwali. Hawaye a ɗakin nan daskarewa yake a gashin ido. Ƙarfe ya ji maganar Inna, a ƙasar da ba wanda ya taɓa jin sunan Gubuchi. Bel bai san an canja komai ba, tsaya aka ce masa ya tsaya. Daga ranar, duk sanda na tsayar da shi da bakinta nake tsayarwa. Ya rage mini wani abu, ya ƙara mini wani.

Bashir ya ɗauki bidiyon sauran ma'aikata suna watsa wa kyamara yatsu bel na tsayawa, ya ce a nuna mata ta gani da idonta. Dabara mai kyau. Dije ta bi ta da wayar har madafi. Ba ta kalla ba.

Da damina zazzaɓi ya kwantar da ita, suka kai ta asibiti a Makarfi. Likita na tambaya, Dije na kintace. Inna na nuna ƙarƙashin haƙarƙari tana murza yatsu, su suna cewa yunwa take ji. Ni na san wannan murzawar, ba yunwa ba ce, ciwo ne mai suka. Haka muka yi, Dije na kwatanta mini da baki abin da hannun ya yi, ni ina fassarawa, ita tana gaya wa likita. Da aka gama na ce Dije juya wayar in gan ta, ko ta baya ne. Na ga bayanta a kan gado, da ɗankwali, da kafaɗa kamar ta yarinya. Na yi ta kallo har cajin Dije ya ƙare.

Allah ya tashi kafaɗunta. Amma na gane abu ɗaya. In ta tafi a haka, maganata ta ƙarshe da ita a duniya ita ce waccan.

Wa'adina ya cika. Masu sito suka ce in ƙara, na ce a'a. Fasfo kuwa na hannun mutumin da ya kawo mu wurin, kullum gobe. Sai da Bashir ya bar aikinsa ya raka ni ofis ɗinsa, ya yi masa Larabci mai ƙarfi yana buga tebur. Ban san me ya ce ba. An dai buɗe durowa.

Ranar sallama Rafik ya ba ni wani koren mayafi a leda, ya toshe kunnuwansa don in san na wa ne. Sannan ya ja Bashir gefe, ya nuna masa katinsa, ya kama wuyan nasa hannun irin na Inna. Shi ma haka yake so a mayar masa.

"Ka gani, Bazazzagi," in ji Bashir, "tsohuwarka ta samu aiki a ƙasar waje."

Ya ce in gaida masa ƙasar kakansa, ko da yake bai san wane gari ba ne.

Da kaka na sauka. Daga Kano na shiga motar Zariya, na sauka Tashar Yari, na hau babur na ratsa Makarfi. Dawa ta sunkuya, ana karyar masara, rake na tsaye a fadama. Ban gaya wa kowa ranar zuwana ba sai Dije.

Na tarar da Inna a tsakar gida kan tabarma, tana murje masara daga totuwa, ta ba ƙofa baya. Sallamata ba ta da amfani a wurinta, na yi duk da haka. Na cire takalmi. Na zagaya ta gabanta yadda na saba don kada in firgita ta. Inuwata ta riga ni isa kan faifanta. Ta ɗago.

Ta dube ni. Ba ta shafa gira ba. Ta ajiye totuwar, ta dafa gwiwa ta miƙe, ta nufi ɗaki. In ta shiga ta juya baya, shi ke nan. Na sha gabanta na zube a ƙasa, na kama wuyan hannuna, na ɗaga yadda za ta gani.

Ta tsaya.

Na ɗauko daga farko. Awaki da yashi. Gini. Ɗaki mai sanyi, na yi rawar ɗari ina hura hannu. Hanya mai tafiya da kanta, kaji a kanta. Ido na gilashi a sama. Na yi mata heluma, da tumbinsa da tafiyarsa, yadda ita ta koya mini kwaikwayo. Na ga gefen bakinta ya motsa, ta danne. Na nuna yadda na ƙi, yadda kaji suka zube. Sannan na juya wa katanga, na sa hannun hagu na ɓamɓare yatsun dama ɗaya bayan ɗaya, na nuna wa katangar. Hanya ta tsaya. Safe, yamma, safe, yamma. Na ce hannun ya koyi yaren wasu ya manta na gida. Na ce wanda ya mutu nake son tambaya.

Na ƙare. Dije na bakin madafi da ludayi a hannu. Yaya Lawal ya shigo ya maƙale a bakin zaure. Mayafin Rafik na cikin jaka, ban ma kai ga fito da shi ba.

Inna ta daɗe tana kallona. Sai ta ɗaga hannu biyu, ta buɗe su, yatsu goma, ta watsa mini a fuska. Ta riƙe su a nan, ba gaggawa.

"To, Alhajin Dubai," in ji Dije a hankali, "an rama har da ƙari."

Sannan Inna ta juyo da hannayen ta dafa ƙirjinta. Uwarka. Ga ta nan.

Ta shafa girarta ta hagu. Ta ce jakin ne ya mutu, wanda ya raɗa maka suna. Tsufa. Ta ce ba wanda ya tsaya ya ji labarin a gidan nan, sun ja shi sun yar kawai. Ta ce ka rame, ka yi baƙi, wannan gemun na mene ne?

Sai ta yi jirgi da hannu, ta ɗaga gira. Yaushe za ka koma?

Na ɗaga hannu zan amsa. Ba ta jira ba. Ta miƙo nata ta kama wuyan hannu, ba nata ba wannan karon, nawa. Tafinta da kaushi, da ƙaiƙayin masara. Ta riƙe gam.

Na tsaya.